Me ya sa tsofaffin hotunan yaƙi ba sa nuna faɗan, kuma ana iya kafa hujja da su?

Tambaya daga wata malamar tarihi a makarantar sakandare: Malam, na tara hotunan yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 don in nuna wa ɗalibaina, sai na lura babu ko ɗaya da ake gwabzawa a cikinsa. Daga hafsoshi a zaune, sai kufai, sai gawarwaki. Na kuma ji an ce wasu ma shirya su aka yi. Mene ne dalili? Zan iya kafa hujja da su a aji?

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Ki kafa hujja da su, amma ki riƙe su yadda alƙali ke riƙe mai shaidar da ya iso bayan an raba faɗa, kuma a ayarin ɗaya daga cikin masu faɗan ya zo. Ba a korarsa, domin ya ga abin da mu ba mu gani ba. Sai dai ana tambayarsa yaushe ya iso, wa ya kawo shi, kuma ko ya taɓa wani abu a wurin kafin ya buɗe baki. Na daɗe ina aiki da irin waɗannan hotuna, kuma har yau ina ƙaunarsu, shi ya sa ba na son a ɗora musu kayan da ba za su iya ɗauka ba.

Mu fara da na'urar kanta, domin rabin amsarki na cikinta. Idan kin riski masu hoton nan na bakin gidan waya, masu akwatin katako a kan ƙafa uku, waɗanda ke cusa kai cikin baƙin ƙyalle suna cewa kada a motsa, to kin ga jikan abin da aka kai fagen yaƙi. A 1839 aka bayyana wa duniya dabarar Louis Daguerre a birnin Paris, hoto a kan farantin tagulla mai rufin azurfa, guda ɗaya tak, ba a iya sake buga shi. Da irinsa wani mai hoto da ba a rubuta sunansa ba ya ɗauki sojojin Amurka a garin Saltiyo na ƙasar Meziko a 1847, har da Janar John Wool da muƙarrabansa a kan dawakai, sun ja linzami sun tsaya cik a tsakiyar titi. Dole su tsaya, in ba haka ba ba za su fito ba.

A 1851 wani Bature ɗan Ingila, Frederick Scott Archer, ya fito da dabarar jiƙaƙƙen gilashi, kuma da ita aka ɗauki yawancin hotunan da ke hannunki. Ga yadda aikin yake. Mai hoto zai goge gilashi tas, ya zuba masa wani ruwa mai danƙo da ake kira kolodiyon, ya karkata shi gefe da gefe har ruwan ya bi ko'ina. Sai ya shiga duhu ya tsoma shi cikin ruwan gishirin azurfa na 'yan mintoci, ya saka shi a cikin maƙunshinsa yana ɗiga, ya ruga wurin kyamara, ya cire murfin idonta, ya ƙirga daƙiƙa uku, ko goma, ko ashirin, gwargwadon hasken rana. Daga nan ya koma duhu da gudu ya wanke shi tun bai bushe ba. Duka-duka yana da kamar minti goma zuwa sha biyar, kuma in da zafi ko ƙura ma bai kai haka ba. Ke nan ɗakin duhun dole ya kasance kusa da shi, da ruwa mai tsabta, da kwalaben magani masu saurin kama wuta. Mutum mai wannan kaya ba zai shiga tsakiyar harbi ba. Ko ya shiga, doki mai sukuwa ba ya barin komai a kan gilashin sai ɗan hazo. Shi ya sa za ki ga tuta kamar hayaƙi, ki ga kare mai kai biyu, ki ga titi fayau alhali cike yake da masu wucewa. Abin da gilashin ke iya riƙewa shi ne abin da ya tsaya: gini, igwa, hafsan da ya yarda ya daskare, da mamaci. Maganin kuma ya fi jin shuɗin haske, don haka sararin sama kan fito fari fat ba girgije, jar rigar sojan Ingila kuwa ta fito kusan baƙa. Ki gaya wa yaranki wannan kafin su ce ai sojojin baƙaƙen kaya suke sawa.

To amma na'ura ba ita kaɗai ke da laifi ba. Dubi Roger Fenton, wanda ya sauka a tashar Balaklaba ta Kirimiya a watan Maris na 1855, lokacin da Ingila da Faransa da Daular Usmaniyya ke yaƙi da Rasha. Ya zo da keken dokin wani mai sayar da giya da ya mayar ɗakin duhu, da mataimakinsa Marcus Sparling, da takardar gabatarwa daga Yarima Albert mijin Sarauniya. Wani ɗan kasuwar Mancesta, Thomas Agnew, shi ya ɗauki nauyinsa don ya sayar da hotunan. Kafin zuwansa sojojin Ingila sun sha wani mugun hunturu, kwalara da atini da sanyi suna ta kwasarsu, har cuta ta fi harsashi kisa nesa ba kusa ba. Rahotannin William Howard Russell a jaridar Times sun tona asirin sakacin manya, gwamnati ma ta faɗi a watan Janairun shekarar. Fenton ya koma gida a watan Yuni da hotuna kusan 360, shi ma da kwalara a jikinsa, kuma babu gawa ko ɗaya a cikinsu. Ya ga gawarwaki, ya ambace su a wasiƙunsa. Sai dai ya san masu sayen kayansa iyaye ne da matan hafsoshi, kuma a teburin janar-janar yake cin abinci. Wanda ya dogara da Fenton kaɗai zai ɗauka Kirimiya wurin shan iska ce. Wanda kuma ya watsar da shi ya yi asarar ganin yadda jiragen ruwa suka cushe a wannan 'yar ƙaramar tasha, da yanayin tantuna, da fuskokin kwamandojin rundunonin uku, Raglan na Ingila da Umar Fasha na Usmaniyya da Pélissier na Faransa, zaune a teburi ɗaya a watan Yuni.

Akwai hotonsa guda da ya fi kowanne suna, na wani kwari da sojoji suka laƙaba wa kwarin inuwar mutuwa saboda ruwan harsasan igwa da Rashawa ke yi masa. Ba mutum, ba itace, sai hanya da mulmulallun ƙarafa. Ran 23 ga Afrilu 1855 ya ɗauke shi, kuma sau biyu ya ɗauka ba tare da ya gusar da kyamara ba. A ɗaya, ƙarafan na cikin kwata a gefen hanya. A ɗayan, sun watsu a kan hanyar. An daɗe ana gardamar wanne ya riga. A 2007 mai shirya fim Errol Morris ya bi diddigin abin har Kirimiya, kuma abin da ya warware gardamar wasu ƙananan duwatsu ne a gangaren tudu: a hoton mai ƙarafa a kan hanya, sun ɗan gangaro ƙasa, alamar ƙafafun mutane sun bi ta wurin. Dutse ba ya gangarawa sama, don haka mai hanya fayau shi ne na farko. Wasu suka ce Fenton ya sa aka baza su don hoton ya ƙara tsoratarwa, wasu suka ce sojoji ne suka fito da su don a kwashe a sake harbawa, abin da aka saba yi. Ni abin da ke burge ni a nan shi ne hoton da kansa ya ba da shaida a kan kansa, ta hanyar abin da mai ɗaukarsa bai ko kula da shi ba.

Wanda ya fara nuna matattu sosai shi ne Felice Beato, kuma labarinsa ba shi da daɗi. A watan Nuwamba 1857, lokacin boren Indiya, sojojin Ingila sun kashe mutum kusan 2,000 a cikin wani lambu mai ganuwa a Lakno, Sikandar Bag. Beato bai iso ba sai bayan watanni, a 1858. Hotonsa ya nuna ginin da igwa ta farfasa, da wasu Indiyawa tsaye da doki, gabansu ƙoƙunan kai da haƙarƙari warwatse a tsakar gida. Wani babban jami'in Ingila da ke garin ya rubuta daga baya cewa an riga an rufe gawarwakin, mai hoton ne ya nace a tone su. Kashe-kashen gaskiya ne, ƙasusuwan ma na mutanen ne, amma shimfiɗar tasa ce. Bayan shekara biyu, a watan Agusta 1860, ya bi rundunar Ingila da Faransa zuwa ƙasar Sin, ya shiga sansanin Taku jim kaɗan bayan an ci shi. Wani likitan soja, David Rennie, ya rubuta cewa ya tarar da shi cikin zumuɗi yana roƙon kada a taɓa gawarwakin sai ya gama. Ki duba hotunan da kyau, duk matattun Sinawa ne. Turawa ma sun mutu a ranar, amma nasu ba a nuna su a yashe.

Wannan ɗabi'a ta bi hoton yaƙi har Amurka. Ran 17 ga Satumba 1862 aka yi gumurzun Antietam a yaƙin basasarsu, inda waɗanda suka mutu da waɗanda suka jikkata da waɗanda suka ɓace suka kai kusan 23,000 a yini ɗaya. Bayan kwana biyu Alexander Gardner da James Gibson suka iso da kekensu. Yawancin gawarwakin da suka tarar na 'yan Kudu ne, domin 'yan Arewa da filin ya rage a hannunsu nasu suka fara binnewa. A watan Oktoba aka baje hotunan a shagon Mathew Brady a New York, mutane suka yi ta tururuwa, har jaridar New York Times ta ce in dai bai kwaso gawarwakin ya ajiye a ƙofar gidajen mutane ba, to ya yi abin da ya yi kusa da haka. Yawancinsu hotuna ne tagwaye a kan kati, ana leƙa su ta wani ɗan madubi sai su fito da zurfi kamar mutum na tsaye a wurin. Jaridu a lokacin ba su iya buga hoto kai tsaye ba, sai masassaƙi ya kwaikwaye shi a kan katako, kuma a wannan kwaikwayon fuskar da ta kumbura takan koma ta mai barci. Don haka in kin ga hoton jarida na kafin wajajen 1880, ki sani hannu biyu ya bi.

Ki lura da sunan da ke ƙasan hoto ma. Dubban hotuna na ɗauke da sunan Brady alhali yaransa ne suka ɗauka. Gardner ya bar shi ya kafa nasa, ya riƙa rubuta sunan kowane mai ɗauka. Shi Brady kuwa bashi ya cinye shi, majalisar ƙasar ta sayi tarinsa a kan dala 25,000 a 1875, ya rasu a 1896 ba shi da komai.

Gardner ɗin nan da ya yi wa abokan aikinsa adalci, shi ne kuma ya yi abin da kika ji labari. Bayan yaƙin Getisbag na farkon Yuli 1863, shi da Timothy O'Sullivan sun tarar da gawar wani saurayi ɗan Kudu a fili, suka ɗauke ta a nan. Daga baya sai ga gawar a wani lungu tsakanin manyan duwatsu, bayan wata 'yar katanga, an jingina bindiga a gefenta, an ce maharbi ne da ya mutu a maɓoyarsa. Gardner har ya rubuta cewa ya koma bayan watanni ya tarar da ƙasusuwan da bindigar ta yi tsatsa. Kusan shekara ɗari ana karanta wannan ana share hawaye. Wani mai bincike, Frederic Ray, ya lura a 1961 cewa mutum ɗaya ne a wurare biyu, sannan William Frassanito ya zo a 1975 ya bi filin dutse bayan dutse ya gano inda aka ɗauki kowane hoto. An ja gawar yadi masu yawa, bindigar kuma ta sojan ƙasa ce, ba irin ta maharba ba. A zamaninsu masu hoto kan ɗauki kansu kamar masu zane, suna ganin gyara wuri ba ƙarya ba ce in dai ya isar da abin da ya faru. Na fahimci wannan, amma raina bai taɓa kwanciya da shi ba. Yaron ɗan wasu ne, kuma uwarsa ba ta san an ja shi a ƙasa don kati ya yi kasuwa ba.

A Paris ma a 1871, 'yan tawayen birnin sun tsaya an ɗauke su a bakin shingayensu suna alfahari. Da aka murƙushe su a watan Mayu, 'yan sanda suka yi amfani da hotunan wajen farautarsu. Wani mai hoto, Eugène Appert, ya ɗauki 'yan wasa suna kwaikwayon kisa, ya yanko kawunan fursunoni daga wasu hotuna ya liƙa musu, aka sayar a matsayin laifuffukan 'yan tawaye. Haɗa hoton ƙarya ya girmi kwamfuta da shekaru masu yawa.

Yanzu bari in zo kusa da gida, domin a nan ne ɗalibanki za su fi jin abin a jikinsu. Rundunar Ingila da ta je Habasha a 1868 ta tafi da sojojin injiniya masu ɗaukar hoto, suka ɗauki tsaunin Magdala inda Sarki Tewodros ya kashe kansa don kada a kama shi. Daga baya aka samu busasshen gilashi da ba ya buƙatar ɗakin duhu a kusa, sannan Kodak ta fito a 1888, sai kyamara ta shiga jakar kowane hafsa. Daga nan hoto ya zama ganima. A Umdurman ta Sudan, ran 2 ga Satumba 1898, bindigogin Janar Kitchener na Ingila sun kashe Ansaru, mabiya Mahadi, sama da 10,000, a nasa ɓangaren kuwa ba a kai 50 ba, kuma hotunan filin da ƙubbar Mahadi da aka farfasa sun shiga kundin hafsoshi na tunawa. A wannan Satumban dai Faransawa suka kama Samori Ture, sarkin da ya daɗe yana yaƙar su a Afirka ta Yamma, wani hafsa mai suna Henri Gaden ya ɗauke shi a tsare, hotunan suka koma katin aika gaisuwa. Ran 22 ga Afrilu 1900 aka kashe Rabeh a Kusiri, a bakin kogin da ya raba Kamaru da Chadi a yau, aka sare kansa aka ɗauke shi hoto. Irin wannan ba don adana tarihi aka yi shi ba, saƙo ne ga na gida cewa an gama da shi, da kuma ga waɗanda aka ci da yaƙi cewa su saduda. Ni dai ba na nuna wa yara shi. Ina gaya musu yana nan, in gaya musu dalilin ɗaukarsa, domin mamaci yana da alfarma ko wane ne shi.

Akwai wani abu a rubutun ƙasan hotunan Afirka ta Yamma da zai ba yaranki mamaki. Za su riƙa cin karo da kalmar sojojin Hausa, a yaƙin Asante da na Binin. Tun daga rundunar da John Glover ya kafa a Legas a 1863 Turawan Ingila suka riƙa kiran baƙaƙen sojojinsu Hausawa. Da yawa Hausawan ne, wasunsu bayi ne da suka gudo, amma akwai Yarabawa da Nufawa da wasu ƙabilu da aka haɗa aka yi wa suna ɗaya. Fuskar da ke hoton gaskiya ce, sunan da aka liƙa mata kuwa sai an bincika. A yaƙin Binin ɗin nan na 1897 za ki ga hafsoshi zaune a harabar fada, kewaye da hauren giwa da tagullar da suka kwasa. Don alfahari aka ɗauka, ga shi yau ya zama hujjar masu neman a dawo da kayan. Hoton Oba Ovonramwen, sarkin Binin, kuwa, zaune a jirgin ruwa ana tafiya da shi gudun hijirar dole, sojoji tsaye a kansa, ɗan ƙasa ne ya ɗauke shi, Jonathan Adagogo Green, mutumin Bonny. Ina yawan tsayawa a kan fuskar Oban. Bai sunkuyar da kai ba.

Mu a nan, da aka ci Kano a Fabrairun 1903, aka ci Sakkwato a Maris, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi ran 27 ga Yuli, kyamara ba ta hannun kakanninmu. Nasu bayanin yana cikin wasiƙun sarakuna, da bakin tsofaffi, da waƙoƙi irin Waƙar Nasara ta Alhaji Umaru, Bakanon da ya zauna a Salaga da Kete Krachi, a ƙasar Ghana ta yau. In za ki ajiye hoton Bature a gaban aji, ki ajiye irin wannan a gefensa, yara su ji muryoyin biyu.

A aikace, ga yadda nake yi da nawa ɗaliban. Nakan rufe rubutun ƙasan hoton da takarda, in ce kowa ya faɗi abin da idonsa ya gani kawai, ban da abin da yake zato. Sai mun gama sannan in buɗe rubutun, mu duba ranar yaƙin da ranar ɗaukar hoton, mu ƙirga kwanakin da ke tsakani. Sau da yawa a wannan tazarar labarin yake. Daga nan mu bar tsakiyar hoton mu koma gefe-gefe, wurin mai riƙe da doki, da mai ɗauke da kaya, da takalmin da ya yage, domin mai hoto kan shirya tsakiya ya manta da gefe.

In kina neman wanda za ki fara da shi, ki nemi wanda John Reekie ya ɗauka a Kold Habo ta jihar Bajiniya a Amurka, a watan Afrilu 1865. An yi yaƙin wurin tun Yunin 1864, aka bar matattu da yawa ba a binne su yadda ya kamata ba har wata goma. A hoton, baƙaƙen fata ne aka sa aikin tattara su. Wasu na can baya sun duƙa da shebur. A gaba ga makara an jera ƙoƙunan kai a kanta, da tsummokaran kaki, da wata ƙafa da har yanzu takalmi ke jikinta. Wani mutum ya tsuguna a bayan makarar da hula a kansa, ya zuba wa kyamara ido, bai motsa ba har aka gama ƙirga daƙiƙun, shi ya sa fuskarsa ta fito sarai. An rubuta sunan mai hoton, an rubuta sunan wurin da watan, nasa sunan ne ba a rubuta ba. Ki tambayi yaranki wa ya sa shi wannan aiki, kuma me ya sa shi aka sa.